Makeron Dutse

Ta zo mana bayan garin Dutsi
da takalmin maza da jakar goyo,
ta iske mu muna ƙona taya a kan fa,
muna jiran ya ji wuta ya tsage.
Ta ce ita ce Murja, daga jami'a.
Ta miƙo waya: Kun taɓa ganin wannan?

Sanda ya duba, ya ce kashin tsuntsu ne.
Ila ya ce tsatsa.
Ni ban tanka ba, don na san shi.
Makeron dutse, in ji kakata Tabawa:
kewayayye, launin tokar murhu,
bakinsa ruwan ɗorawa,
tsakiyarsa da 'yan ƙoƙuna
da ba su kai idon fara ba.

A ina? ta ce, ta buɗe littafi.

Rubuta, Malama.
Akwai shi a Dutsen Kura, fuskar arewa,
inda rana ke gaisuwa daga bakin ƙofa ta wuce.
Akwai ƙarƙashin gamjin da ya raba fa biyu,
ƙasa kaɗan da inda rema ke shan hantsi.
Akwai a leɓen kwarmin nan
da ke riƙe ruwa har a gama yankan gero,
can muke jiƙa kai muna yara
in awaki sun kwanta.
Sai na huɗu.

Alƙalaminta ya tsaya yana jirana.

Na huɗu ya tafi Daura, Malama,
a tifa shida.
Yana cikin kankaren wani bene
da ban taɓa shiga ba.
Wannan gudumar ce, wannan hannun.
Da kuɗinsa na rufa ɗaki da kwano,
na sai wa Hurera allurai shekarar da ta kwanta.

Ba ta ce komai ba. Ta ja layi.

Muka hau.
Ta zame sau biyu, ta ƙi karɓar sanda.
Da muka kai ta durƙusa
kamar mai gaida surukai,
ta kafa ɗan madubi a ido, ta daɗe.
Sannan ta tsiyaya ruwan gorarta a kansa.
Wallahi ina tsaye,
abin da na ɗauka matacce tun ina yaro
ya sha, ya kumbura, ya yi kore.

Ta ce ba abu ɗaya ba ne, biyu ne suka haɗa zama:
ɗaya ya gina ɗaki, ɗaya yana girki,
ba wanda zai kai baɗi in an raba su.
Ta ce a littattafansu
sai kan tsaunukan da gajimare ke kwana,
ba ta san me ya kawo shi ƙasar gero ba.
Faɗin ƙwayar gero yake ƙarawa a shekara.
Na auna da tafi: ya kai faifai.
Ta ce, To ya girmi kakarka,
ya girmi wadda ta goye ta.

Na ce, A ɓamɓare shi mana, a kai inda ba guduma.
Ta girgiza kai. Ba ya dasuwa.

Ta tambayi sunana. Barmo.
Ta sa shi a gefen wasu lambobi,
ta ce lambobin su ne nan, inda muke tsaye.

Yau wata uku.
Alhaji Na'iya ya riga ya biya kuɗin Dutsen Kura,
muna cinsa ta kudu,
in an yi sauri, damina biyu.
Ban daina ba. Da me zan daina?
Sai dai in na hau yin azahar
nakan rage ruwan buta.
Sanda na ƙasa yana dariya,
wai Barmo ya fara kiwon dutse.
Ni dai nakan zuba, in tsuguna,
in jira koren ya zo.